Shekarar da Kwamfuta ta Share Tsagen Baba

Na sha jin kuna ba da labarin ɓacin da ya shiga tsakanina da gwaggonku Hajo, kowa da nasa ƙarin gishiri. Wani ya ce kan gonar albasa ne, wata ta ce uwarku ce ta shiga tsakani. Ba ko ɗaya. Gona ba ta taɓa haɗa ni faɗa da yayata ba, uwarku kuma alhakinta kuke ɗauka. Abin da ya raba mu yana nan rataye a zaure, kuna wuce shi safe da yamma: hoton kakanku Malam Ummaru. Tun da idona bai gama dushewa ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, don kada in mutu ku ci gaba da shafa wa mutane laifin da ba su ji ba ba su gani ba.

Mu Gobirawa ne, kun sani, ko da yake ba a ganin haka a fuskokinku. Baba ya zauna Dandin Mahe yana noman albasa da gero, da tsagensa reras daga bakin leɓe har gindin kunne, irin wanda ake hangowa tun daga nesa. Ni da Hajo duk an yi mana. Hoto ɗaya tak Baba ya taɓa yarda aka ɗauke shi, baƙi da fari, wata shiga da ya yi Sakkwato, shi ma don wani amininsa ya matsa masa. Da ya rasu hoton ya zauna hannun Hajo, domin ita ce babba kuma ita ce ba ta bar garin ba. Ni na dawo Bodinga na buɗe shagon ɗinki, na auri uwarku daga Sifawa, gidan da ba su san tsage ba. Ranar sunan ɗanmu Nasiru wanzami ya zo da zabirarsa, na ce ya yi aski ya tsaya nan. Na ga yaran da aska ɗaya ta sa wa ciwo, na kuma ga yadda ake tsokanar masu tsage a makaranta, ban so muku ba. Har gobe ban yi da-na-sani ba. Amma Hajo, da ta taso tun daga Dandin Mahe da ƙwaryar gero a ka, ta leƙa fuskar jaririn ta ga sumul, ta tashi ba ta ko taɓa tuwon suna ba. A bakin ƙofa ta juyo.

"Audu, in yaron ga ya ɓace kasuwar Shagari, da mi za a gane na Baba na?"

Ba ta sake tayar da maganar ba. Muka ci gaba da zumunci, tana aiko mini albasa ina ɗinka mata kayan sallah, amma na san maganar tana nan kwance a ƙasan cikinta, ba ta narke ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, damina ta yi ƙarfi, ɗakin Hajo ya yi yoyo ta bayan bango ba ta lura ba. Kafin ta ankara gara ta ci kwalin bayan hoton, ta huda kafaɗar Baba da rabin hularsa, danshi kuma ya manne takardar da gilashi, ta yi tsattsage ko'ina kamar ƙasar fadama da rani. Ta zo mini shago da shi naɗe cikin zane, zanen cikin kwalla, kwallar a kan cinyarta tun daga tasha. Da ta kwance na ga idonta ya yi ja. Ni ne na kawo shawarar a kai wa Alhaji Lasisi, mai shagon hoto da ke bayan layin teloli. Bayarabe ne, amma a Bodinga gemunsa ya yi fari, Sakkwatanci a bakinsa ya fi na wasunku. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Tun muna samari ba mu taɓa haɗuwa mun gaisa da arziki ba, shi ya ce bawansa ne ni, ni in ce kakana ne ya sayo kakansa da ƙullin gishiri. Ya daɗe da ajiye tsohuwar kyamararsa ya koma kwamfuta, ana ta yabonsa wai yana tayar da matattun hotuna. Hajo ba ta so ba. Ta dubi shagon, ta dubi Lasisi, ta dube ni, ta ce ita ba ta yarda da abin da ake gyarawa ba a ga hannun mai gyara ba. Sai da na rantse mata cewa hoton zai dawo ya fi yadda ya tafi, sannan ta saki bakin zanen da ƙyar.

Lokacin ɗinkin sallah ne, ko ɗaga kai daga keke ba na samu. Da kasuwa ta zagayo Lasisi ya miƙo mini abin a naɗe cikin takarda, an sa sabon firam an ɗaure da zare, ga ambulan a gefe mai ɗauke da tsohon. Ya ce mini wani abu game da gilashin, ban tsaya saurare ba. Ban kwance ba, da gangan, don ina son Hajo ta fara gani. Na hau babur har Dandin Mahe ina jin kaina kamar wanda ya ci gasa. Na tarar da ita tsakar gida tana tsince albasa da maƙwabtanta mata, na ce a share hannu a zo a ga Malam Ummaru ya dawo. Ta warware zaren a hankali. Kafaɗa ta cike, hula ta dawo har da zanenta, rigar tas babu huda ko ɗaya. Fuskar kuwa sumul take kamar ɓararren ƙwai. Ido na Baba ne, hanci nasa ne, amma babu tsage ko layi guda. Wata tsohuwa daga cikin matan ta leƙo ta tambaya ko wani Bafulatani ne dangin mijin Hajo. Hajo ta miƙa hannu ta karɓi ambulan, ta zazzage a tafinta. Tsohon hoton ya fito, rigar tana nan, amma wurin fuskar fari fat, ya bi gilashi, sai ɗan gari-gari da ya zubo kamar dussa.

"Ka share su ga ɗiyanka, na yi shiru," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yanzu ka bi Baba hak kabari ka share mai. Kuma kab ɓata na hwarin don kada a kama ka."

Na rantse da Allah ban san komai ba. Ta ce ai ta ji irin wannan rantsuwar a shagon Bayarabe. Ta mayar mini da firam ɗin, ta juya ga albasarta, matan suka sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki a haɗe irin na ranar ba.

A kan hanyar dawowa zargi ya kama ni, ni ma. Wanda na fara ɗora wa shi ne Lasisi. Na tuna sau nawa ya ce mini wata rana zai sa dutsen guga ya goge mini fuska, wai kaza ce ta yi tono a kai. Na ce lalle mutumin nan ya ga dama ta samu, ya yi wasan da ya wuce gona da iri, yana can yana jira in dawo ya yi dariya. Kafin in kai Bodinga kuma zuciyata ta ce a'a, Lasisi ba zai yi wasa da mamaci ba sai an sa shi. Wa zai sa shi? Na tuna uwarku ta je shagon cikin makon don hoton katin asibiti. Na tuna Nasiru ya taɓa cewa a gabana tsage abin mutanen da ne. Na shiga gida ina kallon kowa a kaikaice. In uwarku ta yi dariya da maƙwabciya sai in ce da ni suke. In Nasiru ya gaishe ni da ladabi sai in ce ladabin marar gaskiya ne. Na yi kwanaki a haka, ina cin tuwo kamar ina tauna ƙasa, ina lalata wuyan rigunan mutane a shago. Ban tambayi kowa ba, domin ina tsoron amsar. Uwarku ce ta gaji, wata safiya ta dire mini kwanon koko ta ce ta ga irin kallon da nake mata, in da magana in faɗa. Da na faɗa sai ta ce ta auri mai tsage da idonta biyu, ta shekara talatin tana kallonsa, in yana damunta ba a kan hoton mamaci za ta fara ba. Ta ce in tashi in je in tambayi wanda ya yi aikin, in daina shari'a da mutanen gidana a cikin ciki.

Na shiga shagon Lasisi ban yi sallama ba. Ya buɗe baki zai fara kirana bawansa, ya ga fuskata ya haɗiye. Na ajiye firam ɗin a gabansa na ce ya duba da kyau ya gaya mini wa ya saya shi. Ya sa tabarau, ya duba, ya dube ni, ya sake duba hoton. Na zuba masa ido ina neman alamar dariya a gefen bakinsa, ban gani ba. Ya ce in zauna a kan kujerar da ake ɗaukar hoto. Na ce ba hoto ya kawo ni ba. Ya ce in dai zauna. Ya ɗauke ni, ya sa hoton a allon kwamfuta, ga ni nan da tsagena da fushina.

"Duba da kyau, Audu. Hannuna ɗaya na bisa tebur, ɗaya kau wuri guda za ni dannawa. Ba ni taɓa huskakka."

Ya danna. Sai ga wasu ɗigo-ɗigo sun fito suna motsi kamar jerin tururuwa. Suka kewaye wata huda da ke labulen bayana, suka kewaye tabon mai da ke kan rigata, sannan suka gangaro kumatuna, suka bi kowane layi na tsagena ɗaya bayan ɗaya, daga leɓe har kunne, ba su tsallake ko guda ba. Lasisi ya yi mini bayani cewa manhajar ita da kanta take neman wuraren da take ganin sun ɓace a hoto, huda ko karce ko tsagewar takarda, ta zaɓe su, ta ɗebo launin da ke kusa ta cike. Na gane abin nan take, don sana'ata ce: kamar ka yanko ƙyalle daga cikin kalmasar riga ka yi mata faci da jikinta, ba mai gane wurin. Bambancin kawai, ni ina tambayar mai riga kafin in sa almakashi. Ya sake dannawa, tururuwan suka ɓace, da su da tsagen. Na ga wani mutum yana kallona, na rantse da na ce Nasiru ne ya tsufa. Na kai hannu na shafa kumatuna don in tabbatar suna nan.

Na tambaye shi ina hoton farko da ya ɗauka kafin gyara. Ya ce ya ajiye gyararren a kansa, na farkon ya tafi. Na tambaye shi gilashin fa. Ya ce bayan ya gama ya yi ƙoƙarin raba takardar da gilashi don ya mayar mana, fuskar ta bi, kuma ya gaya mini ranar da na zo karɓa ban saurara ba. Na tambaye shi yadda aka yi mutum ya shekara arba'in cikin Gobirawa bai ga fuska ta canza a gabansa ba. Ya ce aiki ya yi masa yawa, hoton kuma duk tsattsage ne, ya ga huda ta cike hula ta dawo sai ya buga. Bai san Baba ba, bai taɓa ganinsa ba. Na karɓi maganarsa, amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau akwai ɗan wurin da bai kwanta mini ba. Ita kanta na'urar kuwa ban taɓa sake yarda da ita ba. Wani ne ya zauna a wata ƙasa ya koya mata yadda fuskar kirki take, kuma ko dai bai taɓa ganin Bagobiri ba, ko ya gani ya ɗauka lalacewa ce.

Lasisi ya ce akwai dabara. Zai iya ɗauko tsagen daga hotona ya shimfiɗa a fuskar Baba, ya daidaita, in kai wa Hajo in ce wancan kuskuren bugu ne, ga na gaskiya an samo. Ya ce ba mai ganewa. Da na yi haka da a ranar zan kwana da yayata lafiya. Amma na ɗinka wa Hajo kaya tun tana budurwa, na san matar da ke juya riga ta duba ɗinkin ciki kafin ta duba na waje. In ta kama ni, to zargin da take mini ya zama gaskiya ke nan har abada. In ma ba ta kama ni ba, ni zan san na rataya mata fuskata da sunan ta Baba. Na ce masa a'a, kada ya taɓa komai sai tana wurin.

Abin da wannan a'a ta jawo mini shi ne kusan shekara guda ba yaya. Na je Dandin Mahe na yi mata bayanin tururuwa, ta ce ƙarfe ba ya ƙin mutum, mai ƙarfe ne ke ƙi. Na koma, ta aiko a ce ba ta nan alhali ina jin tarinta daga ɗaki. Kakar albasa ta zo ta wuce ba buhu ko ɗaya daga wurinta. Kayan sallar da na ɗinka mata suka dawo a ƙullinsu. Aka haifi 'yar Nasiru ba ta zo suna ba, mutane suka fara ƙirƙirar maganar gona, wadda kuka gada kuna yaɗawa. Na yi kewarta ƙwarai, don ita ce ta goye ni bayan rasuwar Inna, kuma duk duniya ba wanda ya rage da zai tuna mini muryar Baba sai ita.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina kan keke, sai inuwa ta tare mini haske. Ita ce, da mayafinta da kwallarta. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce ta yi mafarkin Baba yana juya mata baya, ta zo ta ga abin nan da idonta, ba don ni ba. Muka tafi shagon Lasisi, ita gaba ni baya. Hajo ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba tun da take, amma ranar ta hau kujerar da kanta ta yaye mayafi daga kumatu. Lasisi ya ɗauka, ya danna, tururuwan suka fito suka bi tsagenta. Ta matso har hancinta na neman taɓa allon, tana bin su da ido. Da fuskar ta koma sumul ta ja da baya, ta yi salati.

"To, na gani. Ita ma koya mata anka yi," ta ce. Ta juyo ta dube ni. "Ban dai san ko wa yak koya mata ba."

Daga nan ta karɓi aikin daga hannunmu. Ta ce a ɗauko kumatun dama daga fuskata, don nawa sun fi kama da na Baba a wannan gefen. Na hagu kuwa ta ce nawa gemu ya cinye su, a ɗauki nata. Lasisi ya kashe abin da ke zaɓe da kansa, ya koma yi da hannu, layi-layi, tana tsaye a kansa da yatsa a kan gilashi tana cewa matsa sama, karkata kaɗan, ba haka ba. Bai yi wasa ko sau ɗaya ba, gumi kawai yake sharewa. Can ta tsayar da shi, ta nuna layi na ƙasa a hagu, ta ce na Baba bai kai kunne ba, ya katse a hanya, don ya zabura lokacin da wanzami ke yi masa, kakarmu ce ta gaya mata. Ni ban taɓa lura ba, ni da na tashi a gabansa. Lasisi ya rage layin. Da ya ɗaga hannu sai ga Baba. Hajo ta zauna a ƙasa cikin shagon mutane ta rufe fuska da mayafi, ni ma na juya ina duban bango.

Kafin mu fita ta sa Lasisi ya goge hotonta daga kwamfutar tana kallo, da gyararren da wanda ba a gyara ba, ta sa ya buɗe kwandon sharar kwamfutar da ake jefa su ya zubar, ta tambaye shi ko akwai wani lungu da ya ɓoye. Da aka buga hoton aka sa a firam na miƙa mata don ta sa a kwalla. Ta ƙi karɓa.

"Rataye shi gidanka, inda ɗiyanka za su ganinai kullum. Mu can mun san huskar Baba."

Ta ci tuwon uwarku a ranar, albasa ta ci gaba da zuwa. Amma har ta koma ga Allah, in ta shigo zaure sai ta tsaya gaban hoton ta ƙirga layukan da yatsa kafin ta amsa gaisuwata. Ban taɓa sanin ko ta wanke ni gaba ɗaya ba, ban kuma tambaya ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, kwanan baya na fito na tarar da 'yar Nasiru, wadda Hajo ta ƙi zuwa sunanta, ta ɗaga waya tana ɗaukar hoton. Ta ce mini da murna wai wayarta tana da abin da ke gyara tsofaffin hotuna da kansa, dannawa ɗaya zai cire duk karcen da ke fuskar kaka. Na karɓe wayar daga hannunta da ƙarfin da ya tsorata ta, ban iya yi mata bayani a lokacin ba. To ga bayanin. Ido da hanci na kakanku ne. Kumatun dama nawa ne. Na hagu na Hajo ne, kuma ba ta bar wani hoto a duniya ba, ko na kati. Layukan nan su ne kawai abin da ya rage na fuskar yayata, kada wanda ya gyara mini su.